Shekarar da Na Yi Kiwon Kare

Ni dai ban taɓa son kare ba, gara in faɗa tun daga farko. Da wani ya ce mini wata rana zan tsuguna ina dama wa kare abinci, har ina sa yatsa in ji ko ya huce, da na ce a kai shi a yi masa rubutu ya sha. Amma na yi, a shekarar da na koma gidanmu, kuma duk ƙauyen sun gani, sun yi dariyarsu har ta ishe su.

Na koma ne bayan na fita takabar mijina. A Kwaya na yi aure, can na koyi matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, can na haifi ƴaƴana suka girma kowa ya kama gabansa. Inna kuwa ta rasu a kakar da ta gabata, Allah ya jiƙanta, ta bar Baba shi kaɗai a ƙauyenmu na ƙasar Dungas. Ba wanda ya ce in zo. Na ɗora tukwanena da turmina a amalanke na taho, don na san tsohon nan ba zai iya hura wuta ba, kuma zai gwammace ya kwana da yunwa da ya roƙi matar wani ta dafa masa.

Idon Baba ya daɗe da tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ya zama inuwa kawai yake gani, sai hasken rana. Duk da haka kullum da safe zai ɗauki sandarsa da gorar ruwa ya kora tumakinsa daji. Ba su da yawa, amma ya san kowace tunkiya da kukanta, ya san wadda ke jan baya da wadda ke son shiga gonar mutane. Tun da ya bar noma ya ba wani ɗan'uwanmu gonar, tumakin nan su ne dalilin tashinsa daga barci.

Kare ne yake sa wannan fita ta yiwu. Wani ja ne mai fari a ƙirji, dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a yanke. Ba a taɓa raɗa masa suna ba, Baba fito kawai yake yi masa. Shi ke shiga gaba a burtali, shi ke juyo da wadda ta ɓalle, shi ke tsayawa ya yi haushi in akwai rami ko wata dabba a hanya, da yamma kuma ya tattaro su ya nufi gida Baba na bin ƙarar kofatonsu. Wuni yake yana gudu. Ranar da na iso na gan shi a bakin garke sai da na ce subhanallahi. Haƙarƙarinsa duk a waje kamar matakan tsani, cikinsa ya manne da baya, ƙashin kwankwasonsa ya tsaya cirko-cirko, kaska ta cika masa kunne. Yana tafiya ƙafafun baya na haɗuwa da juna.

A gidanmu kare ba ya da tukunya. Abin da ya rage shi ne nasa, ƙanzo da ruwan wankin tukunya, sau ɗaya bayan an gama cin na dare. Baba ya yi imani har zuciyarsa cewa ƙoshi yana kashe wa kare zuciyar aiki, haka ya ji daga nasa uban. Kullum yana alfahari da cewa karensa bai san wani abinci ba sai wannan, ga shi kuwa ba irinsa a yankin. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiyar magana. Ashe duk shekarun nan Inna na ajiye masa tsaki da tsala a wani kasko bayan rumbu, in Baba ya tafi masallaci ta ba shi. Ta rasu ba ta faɗa wa kowa a gidan ba, kaskon ya bushe, kare ya ci gaba da gudunsa a kan ƙanzo.

Ban daɗe da zuwa ba Yaya ya zo. Shi ne babban wanmu, yana sayar da kayan moto, wato babur, a Magaria. Ba mugu ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya gina wa Baba ɗaki a gidansa, na siminti, kusa da likita, wato asibiti, ya daɗe yana lallashinsa ya koma can. Ranar ma ya sake kawo zancen a rumfar Baba, ina jin su daga madafa. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya tambaye shi in ya tashi da safe a ɗakin simintin nan, kukan me zai ji. Yaya ya tashi ya yi sallama. Da zai tafi na raka shi bakin danga, daidai lokacin karen ya taso zai yi wa motonsa haushi, ƙafarsa ta baya ta goce ya zauna daɓas. Yaya ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ranar da karen nan ya faɗi, Baba ba zai sake fita daji ba. Ba zan jira a tsinto mini shi a rijiya ba. Sai in kai tumakin kasuwa in ɗauke shi."

Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Amma na san ubana. In aka raba shi da tumakin nan da ƙasar nan, an gama da shi ko da likita na bakin ƙofarsa. Na tsaya ina kallon wannan ƙazamin abu mai kaska, na ga zaman Baba a gidansa a kan ƙafafunsa huɗu yake tsaye. Tun daga ranar na ɗauki kiwonsa.

Da farko na yi irin ta mai zafin hannu. Na cika kwano da tuwo, na kwarara masa man gyaɗa, na zube a kaskon Inna. Ya haɗiye ba ko tauna, bai yi nisa ba ya amayar, ya kwana yana zawo. Washegari ko tashi bai iya yi ba. Baba ya ƙi jin magana ya fita shi kaɗai, kafin azahar tumaki sun watse, sai da mutane suka bar aikinsu suka tattaro masa su. Da ya dawo bai yi mini faɗa ba, faɗa ai da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi shekara da shekaru yunwa ba ta kayar da karen nan ba, sai da uwarsa ta zo da alherinta. Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga ɗaki na yi ta jera kwanoni da ƙarfi don ya ji.

Ranar kasuwar Dungas na hau kabu-kabu na kai ƙuli-ƙulina, na biya wajen malamin dabbobi da ke zama kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Mutane na ta tambayarsa maganin shanu da na raguna, ni kuwa na jira sai da suka ragu na rage murya na ce kare ne. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce in fara da maganin tsutsa, don in ciki da tsutsa su nake ciyarwa. Ya ce kaɗan-kaɗan zan riƙa ba shi, sau da yawa a wuni, dafaffe, ba yaji ba albasa, kuma kada in ba shi da yawa daf da fita, sai ya dawo ya huta. Ya ce karen da ke wuni yana gudu ba hatsi kaɗai yake bukata ba, sai da abin da ke da maiƙo da abin da ke gina jiki. Ya kuma ce ido ba ya isa, in riƙa shafa haƙarƙarinsa in ji ko nama ya fara rufe ƙashi. A raina na ce wannan kam ka faɗa wa wata.

Haka na shiga. Da asuba in dafa tsaki ya yi laushi, in marmasa tunkuza a ciki, wato abin da ke ragewa in na matse mai daga gyaɗa, in ba shi ɗan kaɗan kafin su fita. In sun dawo, bayan ya sha ruwa ya daina haki, in ba shi babban rabonsa da tsalar da nake karɓa wajen masu shanu na bayan gari. Kafin in kwanta in ƙara masa wani. Ran kasuwa in roƙi mahauci tarkacen tumbi da huhu, in tafasa su a wata tsohuwar tukunya da na ware masa, in kuma tsinto kawunan busasshen kifi in daka. Kaskar kuwa da tsinke da toka na yi ta fama da ita, yana kwance yana kallona kamar bai gane abin da ya same ni ba.

Matan ƙauye suka samu abin yi. A bakin rijiya wata ta ce sun ji na rasa miji na samu wanda zan yi wa girki. Wata ta tambaye ni ko angon na yaba hannuna. Na ce yana yabawa, kuma bai taɓa cewa gishiri ya yi yawa ba, ta je ta tambayi nata. Aka yi shewa. Ina dariya da su, amma in na ɗora tulu na juya sai dariyar ta gushe, don ni na san ba kare nake kiwo ba, zaman ubana nake saye da tsaki.

Shafa haƙarƙarin ma sai da na yi. Da kara na fara, na ga kara ba ya jin komai. Sai wata safiya na duba ba kowa, na sa hannun hagu. Fatar da zafi, ƙasusuwan na motsi a ƙarƙashinta yana numfashi. Ya juyo zai lashe ni na daka masa tsawa. Na je na wanke hannu da ƙasa da sabulu har sai da ya yi ja. Bayan nan abin ya zame mini jiki, har na san kowane ƙashi da inda ya tsaya.

Bazara ta yi nisa ban ga wani abin kirki ba. Zawo ya tsaya, gashinsa ya daina zuba, ƙafar ta daina gocewa, amma nama ya ƙi zama. Duk abin da na zuba masa sai ya je daji ya ƙone shi da gudu. Na fara karaya. Yaya in ya kira waya, bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce yaya karen, sai in ce da sauƙi, ya ce to.

Sai wajen saukar ruwan farko abu ya juya. Kamar wasa na ji ƙashi ya fara ɓuya a ƙarƙashin hannuna. Kwankwaso ya cike, wuya ya yi kauri, jan gashin nan ya fara sheƙi. Kafin a gama noman farko, in ya tsaya a bakin garke sai baƙo ya ja da baya. Damina ita ce lokacin da kiwo ya fi wuya a wajenmu, don gonaki ne hagu da dama, tunkiya ɗaya in ta shiga shukar wani sai an kai ga mai gari. A daminar nan ko ganye ɗaya tumakin Baba ba su taɓa ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na kira Yaya da kaina na ce ya ajiye ɗakinsa ya zuba kayan moto a ciki. Matan rijiya ma suka koma tambayata ko tunkuzar nan za ta yi wa ragunansu.

Akwai wani abin da ya ƙara mini jin daɗi a kwanakin nan, shi ne akushin Baba. A gidanmu ba a ganin maigida yana cin abinci. Haka na taso na tarar. Rumfarsa na gefen ƙofar gida, an kewaye ta da zana. Za a kai masa akushi a rufe da faifai, a ajiye a bakin tabarma, a ce ga shi nan, a juya. In ya gama zai rufe ya turo shi waje. Ba a tsayawa a kansa, ba a tambayarsa ko ya ƙoshi, yin haka rashin kunya ne. Ko Inna ba ta taɓa zama a gabansa yana ci ba, sai dai in akushi ya dawo ta buɗe ta duba. Ni ma haka nake yi. Da na zo yakan rage kusan rabi, na ce hannuna ne bai saba da shi ba. Amma tun da damina ta kama, akushi sai ya dawo tas, har miyar an suɗe. Na ce alhamdulillahi, na fara kamo hannun Inna, na ƙara masa girman malmala.

Wasu abubuwa na gan su, na ba su wata fassara. Baba ya ce in riƙa tsinka masa fura sosai, na ce zafi ne. Muryarsa ta dushe, yana yawan gyaran murya, na ce sanyin damina ne na dafa masa citta. Masu wucewa suka ce yanzu in ya je daji gindin gawo yake samu ya zauna, kare ke yin komai, na ce ai dama don haka na ciyar da shi. Jikinsa kuwa ban gani ba. Dattijo ne mai riga a kan riga, da rawani, ko a gida ba ya zama da ƴar shara a gaban mace.

Karen ne ya tona. Ya fara rage abincin da nake ba shi da yamma, ya sunsuna ya ci kaɗan ya bar wa kaji. Na tsorata na ce ko ciwo ne ya dawo. Sai wata rana da azahar, sun dawo da wuri saboda hadari, na kai wa Baba tuwonsa, can anjima na ga karen ya fito daga bayan rumfa yana lasar baki, da miyar kuka shaɓe-shaɓe a gemunsa. Ni kuwa ban taɓa ba shi miya ba. Nan take jinina ya hau. Na ce wato wannan la'anannen da na raina da hannuna, shi ne yake zagayawa yana sace wa makaho abinci. Na rantse sai na karya masa baya.

Washegari na kai akushi na ce ga shi nan, na yi kamar na koma ciki. Na ɗauki taɓarya na zagaya ta bayan rumfa a hankali. Akwai inda zanar ta ɓule, na sa ido. Tun da aka haife ni ban taɓa yin haka ba.

Karen na kwance daga wajen tabarma, nesa da akushi, bai ko motsa ba. Baba ya tuɓe rigunansa saboda zufa, ya ba ni baya. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma ƴar ƙarama ya mulmula ta ya tsoma a miya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Da ya zo haɗiya sai na ga ya miƙe wuya, ya dafe ƙirji, kafaɗunsa na rawa, har sai da ya dawo da ita a tafin hannunsa. Ya zauna yana mai da numfashi. Sannan ya lalubo wata sakaina da ya ɓoye ƙarƙashin tabarma, ya tura ta can gefe, ya fara yanko tuwon loma-loma yana tsomawa a miya yana jefawa a ciki. Ya yi fito a hankali, karen ya taso.

Ba tuwon ne ya kashe mini jiki ba, bayansa ne. Wata da watanni ina koyon karanta haƙarƙari da hannuna, ban bukaci kowa ya faɗa mini abin da nake gani ba. Yadda na tarar da karen ranar da na iso, haka bayan ubana yake, har ya fi. Taɓaryar ta suɓuce daga hannuna ta faɗi.

Ya ce, "Uwata, ke ce?"

Na ce ni ce.

Ya lalubi rigarsa ya yafa, ya ce, "Yaushe kika koyi leƙe?"

Na zagayo na shiga rumfar na durƙusa, ina kuka ina masifa a lokaci guda. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kafin ruwan farko tuwo ya fara tsaya masa a nan, ya nuna tsakiyar ƙirjinsa, yanzu sai abu mai ruwa-ruwa ke wucewa. Na ce don me bai faɗa ba. Ya ce in ya mayar da akushi da abinci zan gane, in na gane zan kira yayana. Zubarwa a ƙasa kuma alhaki ne, ga kaji za su taru su tona shi. Sai ya yi ƴar dariya, ya ce ya ji ina ta wahala da karen nan ba ya ƙiba, ya ga gara ya sa mini hannu.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayin wani kamar haka ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa ƙoshi na lalata kare, shi ne ya zauna yana mulmula masa loma, ni kuma ina can ina yi wa Yaya burga a waya.

Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Ki bar ni in kai kaka. In ji an zuba gero a rumbu, sai ki kira shi. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Na ce to. Me zan ce?

Sai na juya duk abin da na koya a kan kare na mayar kan ubana, Allah na tuba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni. Kunun gyaɗa mai ruwa, na tace shi da kyalle. Nono da aka kaɗa ya tsinke. Ƙwan zabi, tunda damina ce, in fasa a cikin koko mai zafi. Romon kaza ba tsoka. Na ce kuma daga yau ba mai rufe mini akushi, a gabana za a sha. Ya ce ko Inna ba ta taɓa kallonsa yana ci ba, ba zai fara da ni ba. Muka yi ta ja, a ƙarshe muka shirya a kan zan zauna a rumfar amma in ba shi baya. Haka nake zama ina kallon zana, ina sauraron maƙogwaronsa. Na san ƙarar kurɓar da ta wuce, na san ta wadda za ta dawo.

Karen kuwa kwana biyu ban iya kallonsa ba. In ya zo yana kaɗa mini wutsiya sai in ji kamar in jefe shi. Amma me ya sani? An ba shi ya ci. Kuma har lokacin Baba na fita da safe, ko da ba nisa, don haka na ci gaba da dafa masa tsakinsa.

Gero ya yi ciki, ya fara fitar da kai, Baba na ta raguwa. Kurɓar da ke dawowa ta fi mai wucewa yawa. Wata safiya na same shi a bakin garke da sandarsa, ya buɗe wa tumaki sun fita, karen ya kai su bakin burtali ya dawo ya tsaya yana jiransa, ya sake komawa ya sake dawowa. Baba na tsaye ya kasa ɗaga ƙafa. Na kawo masa ruwa ya kurɓa, ruwan ma ya dawo. Na zaunar da shi, na roƙi maƙwabcinmu ya haɗa tumakin da nasa, na ɗauki waya na hau tudun bayan gari inda ake samun layi. Na daɗe a tsaye kafin in danna. Da na sauko ban ɓoye masa ba, na ce Baba na kira Yaya. Ya juya fuskarsa wajen da tumakin suka bi. Ya ce gero saura kaɗan fa.

Yaya ya zo washegari da motar wani abokinsa, amma ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu, dole ya bar ta a babbar hanya aka nemo amalanken shanu. Ya shigo da faɗa a bakinsa, na ga alama, ya zo ya tambaye ni ina nake har abu ya kai haka. Da ya sunkuya ya ɗauki Baba ya ji nauyinsa, sai faɗan ya mutu. Ya tsaya da shi a hannu yana kuka kamar yaro. Muka shimfiɗa tabarma da bargo a amalanke. Aka shirya ni zan zauna in ga an ba da amanar tumaki da gida, in bi su daga baya, amma na ɗauko mayafina don in raka su ko zuwa bakin mota.

Baba ya ce a bi da shi ta garke. Ya sa hannu ta saman danga, tumakin suka matso, ya shafa kawunan waɗanda ya samu. Karen ya ɗauka fita za a yi, ya yi ta zagaya amalanken yana tsalle, ya ruga gaba ya dawo. Baba ya saurari ƙafafunsa, sannan ya kira ni.

Ya ce, "Ki ɗaure shi, ki riƙe da kanki. Da can ne da ya gaji a hanya ya komo. Yanzu zai bi mu har Magaria, mota ta take shi."

Ba a taɓa sa wa karen nan igiya ba. Na ɗauko ta rago na zarga masa a wuya, ya tsaya lamo don ya saba da hannuna. Sai da mai amalanke ya kaɗa shanu, ya ga ana tafiya ba shi, sannan ya gane. Fizga ɗaya ya yi na faɗi a kan gwiwoyina. Ya ja ni a ƙasa, mayafi ya tafi, igiya na cin tafin hannuna, yana wani irin kuka da ban taɓa jin kare ya yi ba. Na rarrafa da ƙyar na kai ga turken tumaki na naɗa igiyar, na kwanta a kanta da duk nauyina, shi kuma yana tona ƙasa da ƙafafu yana shaƙe kansa. Ina jin ƙarfin nan a hannuna da kafaɗuna, na kuma san daga akushin wa ya fito.

Da na samu na ɗaure na ɗago kai, gero ya riga ya rufe hanyar. Ban ga ko ya waiwayo ba, ban ce masa sai na zo ba.

Kafin in gama sallamar tumaki in bi su, Yaya ya kira. A likita sun ce abin ya riga ya yi nisa, suka sa masa ruwa suka sallame shi. A ɗakin simintin nan ya cika, ana saura kaɗan a fara yankan gero, a Magaria kuma aka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tumakin Yaya bai sayar ba, ya bar mini su. Karen ya ƙara shekaru a hannuna yana kiwonsu, lafiyayye, ba irinsa a yankin. Duk baƙon da ya zo ƙauyen ya gan shi sai ya tsaya ya tambaye ni me nake ba shi. Nakan ce tsaki da tunkuza.